Kai sabar ajiya daga Damagaram: lissafin wuta da na layi kafin sa hannu

Duk mai riƙe da sabar, wato kwamfutar da ke riƙe bayanai tana yi wa sauran hidima, a Damagaram, ta makaranta ce, ta asibitin kuɗi, ta ƙaramin bankin rance ko ta gidan rediyo mai watsa shiri ta intanet, ya san watannin da hankalinsa ke tashi. Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kuran ya zo ya tafi, fankokin injin suna ta kururuwa. A nan tunanin kai ta ajiya ke zuwa: a ɗauki injin a kai shi cibiyar da ke da wuta da sanyi da layi dare da rana, a riƙa biyan haya wata-wata. Shi ake kira kolokeshan. Injin da abin da ke cikinsa naka ne, gurbi da wuta da layi na mai cibiya.

Tambayar da aka fi fara yi ita ce "nawa ne U ɗaya?", kuma ita ce ke kai mutane su baro. U ɗaya tsayin milimita 44.45 ne a cikin rak, wato kabad ɗin ƙarfen da ake jera injuna, kuma cikakken rak yawanci U 42 ne. Gurbin shi ne mafi araha a duk cinikin. Abin da ke cin aljihun mai cibiya wuta ce: ya saye ta, ya tace ta, ya tanadi gurup da gazuwal da batura, sannan ya sake ƙona wata don fidda zafin da injinka ya haifar. Shi ya sa tayi mai arha, in ka buɗe shi, kusan kullum a wajen wuta aka matse.

To, kafin ka nemi farashi a ko'ina, auna injinka. Kar ka kama lambar da ke jikin akwatin wutarsa. In an rubuta 750W, iyakar abin da akwatin ke iya bayarwa ke nan. Sabar irin Dell R630 ko HP DL360 Gen9 mai furosesa biyu, waɗanda suka fi yawa a kayan hannu na biyu, tana zaune takan sha wat 100 zuwa 150, in an ɗora mata aiki ta kai 250 zuwa 350. Kowane diski mai juyawa yana ƙara wat 5 zuwa 10, katin hoto babba guda yana iya shan wat 300 ko fiye shi kaɗai. Shafin sarrafa injin daga nesa, wato iDRAC a Dell ko iLO a HP, yana nuna abin da injin ke sha yanzu da mafi girman da ya taɓa sha. In babu, sayi ƴar na'urar awon wat da ake sawa tsakanin soket da waya. Saki stress-ng, manhajar da ke ɗora wa inji cikakken aiki, ya yi awa guda, ka rubuta lambobi uku: na zama, na cikakken aiki, da na lokacin tashi, don a daƙiƙun farko fankoki da diskoki duk suna tashi tare, wutar takan yi tsalle.

Cibiyoyi da yawa da amfa suke sayarwa, kai kuwa wat ka auna. Raba wat da bolt. Wat 280 a kan bolt 230 amfa 1.2 ne. Tayin da ya ce "U 1 da rabin amfa" wat 115 kawai ya ba ka, bai ma kai abin da wasu injuna ke sha suna zaune ba. Akwai kuma tarkon Amurka: can amfa ɗaya a kan bolt 120 wat 120 ne, kusan rabin amfa ɗaya na nan ko na Turai. Mutum ya ga amfa 2 a tayin Amurka ya ɗauka ya yi sa'a, alhali wat 240 ne.

In rak ɗin ko rabinsa za ka kama, wata ƙa'ida na shigowa. Disjonktar mai amfa 16 a kan bolt 230 tana ɗaukar wat 3,680 a takarda, amma yawancin cibiyoyi ba sa yarda ka wuce kashi 80 cikin 100 na dindindin, wato kamar kilowat 2.9. Raba wannan da wat 300: injuna tara ne, da ƙyar goma. Rak mai U 42, ka cika kashi ɗaya cikin huɗu wuta ta ƙare, saura iska kake biya wa haya.

Sai zancen layukan wuta biyu, A da B, inda ƙwararru ma ke tuntuɓe. Ana ba ka biyu ne don in ɗaya ya mutu ɗayan ya ɗauki duka kayan. Ba ninki aka yi maka ba. Wanda ya ɗora kashi 60 a A, ya ɗora kashi 60 a B, ranar da A ta faɗi kashi 120 zai hau kan B, disjonktar ta yanke, rak ɗin gaba ɗaya ya yi tsit. Jimillar biyun kar ta wuce abin da ɗaya ke iya ɗauka. Kuma ka tambaya ƙarara: A da B daga ondular daban-daban suka fito, ko reshe biyu ne na itace guda? A ƙananan wurare sau da yawa na biyun ne, kuma sai ka tambaya za a faɗa.

Ga misali da lambobin da muka ɗauka don lissafi kawai. Wani ya ce jaka 30 a wata da rabin amfa, kowane ƙarin rabi jaka 15. Wani ya ce jaka 55 da amfa ɗaya da rabi a ciki. Injinka na son 1.2. Na farkon ya koma jaka 60 tun ba a zo kan adireshin IP da kuɗin girkawa ba, kuma a nan Nijar harajin TVA na kashi 19 zai hau kai in ba a sa shi a farashin ba. Nemi kowa ya rubuto maka jimillar shekara guda da haraji, kan wat ɗin da ka auna. Da haka kaɗai tayi biyu ke kwatantuwa.

Wani zai ce, me zai hana in gyara ɗaki a ofis in huta da haya? Ana yi, kuma ga wasu ayyukan shi ne daidai, amma a yi shi ido buɗe. Kowane wat da injin ya sha zafi yake komawa, kilowat ɗaya BTU 3,412 a awa, ma'aunin da ake rubuta ƙarfin kilim da shi. Sabar da suwic da rutar da asarar ondular, a ce wat 500, kilim mai BTU 9,000 ya ishe su ko da zafin bango da rufi, sai dai biyu ake so masu karɓa-karɓa, kuma masu tashi da kansu in wuta ta dawo. Kilim ɗin da sai an danna masa rimot ya halaka injuna da yawa a daren Asabar. Iskar da ke shiga injin ana son ta tsakanin digiri 18 da 27. Batirin bolt 12 mai amfa-awa 200 kilowat-awa 2.4 ne a suna, rabi kawai ake ja daga na darma in ana son ya daɗe, don haka awa huɗu a kan wat 500 batura biyu ne a ƙure, ban da kilim. Kuma batirin darma, duk digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba tsawon ransa biyu. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankoki. Ga ƙasarmu mai duwatsu da bushewa, wadda sandar tagulla guda ba ta isa ta ba da kyakkyawar mahaɗar ƙasa da rani, sai damina ta zo tsawa ta bi waya ta ƙone kafar suwic. Sama da duka, wutar yankinmu da ta Maraɗi babban kasonta ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023, ba a maido ba sai Maris na 2024. Ɗakin sabar da ba shi da gurup ko fanon rana mai isa, wannan watannin ya nuna iyakarsa.

Mu a ganinmu, abin da ma'aikata ke amfani da shi cikin gini ɗaya, kamar rajistar asibiti ko kyamarori, ya zauna a gida da kwafin ajiya a waje. Abin da jama'a ke shigowa daga wayoyinsu kuwa, ya tafi cibiya.

Wace cibiya? Zaɓi uku ne a gabanka. Na farko Yamai, wajen kamfanonin sadarwa, Niger Telecom da Airtel da Moov Africa da Zamani, ko masu ba da intanet da ke da ɗakin injuna. Aikin fiba na ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi ma ya haɗa da cibiyar bayanai ta ƙasa a Yamai da reshen Damagaram zuwa Tinkim a iyakar Najeriya. Na biyu Najeriya: Legas ce ke da manyan, Rack Centre a Ikeja, MDXi ta MainOne a Lekki wadda Equinix ya saya a 2022, da Africa Data Centres, sannan Galaxy Backbone na da cibiya a Abuja da Kano. Na uku Turai, Faransa ko Jamus, inda wuta da layi suka fi arha nesa ba kusa ba.

Taswira ba za ta raba maka gardama ba. Kano kusan kilomita 240 ce daga nan ta Matamai da Daura, Yamai kusan 900, amma fakitin, wato ɗan ƙunshin bayani, da ya fito daga wayar wani a Birni ko Sabon Gari a nan Damagaram hanyar kamfaninsa yake bi. Yana iya zuwa Yamai, ya sauka Kwatano, ya shiga teku, ya leƙa Turai, kafin ya dawo Legas ya hau Kano. Haka ma tsakanin rezo biyu na cikin gida in ba su haɗu kai tsaye ba. Haske a cikin fiba kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa, don haka kowane kilomita 1,000 milisakan 10 ne zuwa da dawowa. Yamai bai kamata ta wuce ashirin ko talatin ba in hanyar miƙaƙƙiya ce. In ka ga 150 ko 200 zuwa injin da aka ce yana Yamai, to fakitin ya tsallaka teku.

Gwajin ba shi da tsada, kuma shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci a duk zancen nan. Nemi kowace cibiya ta ba ka adireshin gwaji da ke cikin ginin da za a sa injinka. Sami sim na kamfanonin nan huɗu, ka haɗa kwamfuta da waya, ka saki mtr, manhajar da ke nuna tashoshin hanya da jinkiri da asara, da fakiti 100 zuwa kowane adireshi, da safe, da azahar, da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ke kan waya. Yi kwana uku. Sunayen tashoshin da ke fitowa a jerin sukan nuna garin, za ka ga gajerun sunayen Marsai ko Landan ko Legas. Asarar da ke fitowa a tsakiyar hanya ta ɓace a ƙarshe kar ta dame ka, rutoci ne ke ƙin amsa gwaji. Ta layin ƙarshe ita ce gaskiya. Kuma kar ka raina kashi ɗaya cikin ɗari: a lissafin gargajiya na TCP, tsarin da yawancin bayanan intanet ke bi, jinkirin milisakan 150 da asarar kashi 1 suna tsayar da haɗi guda a kusan megabit ɗaya a daƙiƙa, ko da kafar layin cibiyar giga ce. In sun yarda, gwada iperf3, manhajar awon saurin layi, ta fuska biyu, da -R da babu.

Tambayi kuma ta ina layukansu ke fita. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace tare a gaɓar Kodebuwa, Afirka ta Yamma ta kwana cikin wahala. Cibiyar da ta ce tana da kamfanoni uku, in dukkansu igiya guda suke hawa ko rami guda fibarsu ta bi a gefen hanya, kamfani ɗaya gare ta. A Legas, wadda ke haɗe da IXPN, mahaɗar intanet ta Najeriya, ta fi wadda ba ta ciki.

Yanzu farashin layi. Lambobi biyu ake haɗa wa mutum a baki ɗaya: girman kafa da abin da aka lamunce maka. "Kafa giga 1" girman bututu ne, ruwan da ke ciki zancen daban. Hanyoyin caji uku ne. Akwai na adadi, a ce tera 10 a wata. Megabit ɗaya a daƙiƙa da ke gudu ba tsayawa gigabait 324 ne a kwana 30, don haka tera 10 kamar mega 31 ne a matsakaici, mega 100 kuwa tera 32 da ɗoriya. Akwai wanda ake cewa ba iyaka, wanda sai ka tambaya mutum nawa ke kan wannan bututun tare da kai. Sai na uku, wanda manyan cibiyoyi suka fi so, lissafin kashi 95.

Yadda yake: duk minti biyar ana auna saurin layinka, awo 8,640 a kwana 30. A jera su daga babba zuwa ƙarami, a zubar da kashi 5 na sama, wato awo 432, daidai awa 36. Mafi girman da ya rage shi za a caje ka, yawanci na shiga ko na fita, wanda ya fi. Amfaninsa, kana da awa 36 a wata da za ka cika bututun ba ƙarin ko dala. Haɗarinsa, awa ta 37 na iya ninka faktir sau goma. Kwafin ajiya da ke cika layi awa ɗaya kowane dare awa 30 ne, ya tsira. In ya girma ya koma awa biyu, awa 60 ke nan, za a caje ka kamar mega 900 kake sha wata cur alhali mega 50 ka lamunta. Maganinsa ka sa wa kwafin linzami, manhajar kwafi rsync na da --bwlimit, ka kuma sa a rubuta farashin kowane mega na ƙari a kwantiragi. Nemi a ba ka hoton awon nasu ka riƙa gani, kai ma ka ajiye naka.

Starlink da ya shigo ƙasar ya taimaki ofisoshi, amma ba layin ɗaukar sabar ba ne. Saurin aikawarsa bai kai na saukewa ba, kuma tsarinsa na gida ba ya ba da adireshin IPv4 naka na kanka. A matsayin layin ko-ta-kwana, ko na tura kwafi da dare, yana da kyau.

Ƙananan kuɗaɗen da ke taruwa su yi yawa: adireshin IPv4, inda /29 takwas ne amma biyar ke amfanuwa, wayar haɗi zuwa wani kamfani a cikin ginin, wadda wasu ke caji duk wata, da hannun aro, wato ma'aikacinsu ya danna maɓalli ko ya canza diski a madadinka, a kan minti 15 ko 30. Ga mai zama Damagaram wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Yamai yini guda ce cur a mota, ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Doso. Tambayi ko akwai mutum a ginin ƙarfe ukun dare da ranar Sallah, da minti nawa yake ɗauka ya isa rak ɗinka. Tambayi abin da suke yi in aka kawo wa adireshinka harin cunkoso, tacewa suke yi ko rufe ka kawai don su tsirar da sauran. Alkawarin aiki ba yankewa kashi 99.9 minti 43 ne na mutuwa a wata, kuma diyyarsa ragin haya ce kawai. In sun ce Tier III ne, wato wani matakin ingancin cibiya, nemi takardar Uptime Institute mai ba da shaidar, ka duba ta zane ce ko ta ginin da aka kammala.

Kuɗin da za ka biya da shi ma lissafi ne. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka yuro 100 sefa 65,596 ne bana da baɗi. Farashin naira ko dala yana motsi, kuma kwantiragin shekara biyu na iya ɗauke da sharaɗin ƙari in wuta ta yi tsada. In bayanan mutane ne a injin, na marasa lafiya, ɗalibai ko masu asusu, je wa HAPDP, hukumar kare bayanan mutane, kafin ka fidda su daga ƙasa, don doka ta sa sharuɗɗa a kan haka.

Game da Turai ra'ayinmu a fili yake: in injin ɗaya ne mai shan ƙasa da wat 300, kar ka aika shi. Kuɗin jirgi da duwan da hannun aro za su cinye ribar, kuma ranar da uwar allon ta mutu ba ka da mai kai maka wata. Hayar injin kamfani irin Hetzner ko OVH ta fi sauƙi, su ke canza abin da ya lalace. Kai naka yana biya ne in diskoki ne da yawa, ko injuna huɗu zuwa sama. Ko ina ka sa shi kuma, kwafi ya zauna a wani gari. Gobarar cibiyar OVH a Sitarasbur a Maris na 2021 ta cinye bayanan mutanen da kwafinsu ke cikin gini ɗaya da injinsu.

In ka tsai da shawara kan Yamai ko Kano, shirya injin tun a nan. Hure ƙura, canza batirin CR2032 da na katin RAID mai haɗa diskoki, duba lafiyar kowane diski da manhajar smartctl. A cikin BIOS sa injin ya tashi da kansa in wuta ta dawo. Saita iDRAC ko iLO da adireshin da suka ba ka, a bayan VPN, kar ka taɓa barinsa a buɗe ga intanet. Tambayi zurfin rak ɗinsu: kabad ɗin kayan sadarwa mai milimita 600 ba ya ɗaukar sabar da ta haura santimita 70, ana son mai 1,000 ko 1,200. Tambayi ramukan ginshiƙin masu kusurwa huɗu ne ko zagaye, don dogon ƙarfen da injin ke hawa ya dace. Tafi da wayoyin C13 zuwa C14 guda biyu, na bangon ofis ba sa shiga. Cire diskoki masu juyawa, sa wa kowane lambar gurbinsa, ka riƙe su a jaka a jikinka, injin kuma a kwalinsa na asali, ba ƙarƙashin buhuna a but ba. Bar diski biyu da akwatin wuta ɗaya na canji a wajensu, da lambar kowane a rubuce a takardar shigar kaya, tare da sharaɗin ranar da za ka iya ɗauke injinka da kwana nawa na sanarwa.

Ranar girkawa kar ka fita daga ginin sai ka zare wayar A ka ga injin bai motsa ba, ka maida, ka zare B. Kashe shi gaba ɗaya ta iDRAC daga wayarka, kan sim ɗin da za ka yi amfani da shi a gida, ka sake tada shi. Sannan kira wani a Damagaram ya buɗe shafin kana tsaye gaban rak ɗin.